Allurar Haukan Kare Ta Tsayar Min Da Sa Rana

Assalamu alaikum 'yan'uwa masu bina a wannan shafi. Ku da kuka cika min waya da "Sharifa shiru, ina labarin sa rana?", ku gyara zama, yau zan warware muku. Sababbin zuwa kuma ga ni a taƙaice: sunana Sharifa, 'yar Gumel, ɗiyar Malam Dalhatu na sakatariyar ƙaramar hukuma. Ina shekara ta biyu a kwalejin koyon kula da lafiyar dabbobi. Wanda zan aura sunansa Yazid, ɗan Sule Tankarkar, yana harkar shanu a kara, wato kasuwar dabbobin Maigatari, tare da ƙanin babansa. An kawo gaisuwar iyaye, an yi tambaya an ba su, abin da ya rage kawai mazan gidansu su zo a sa rana. To a nan ne fa wata allura ta shigo ta hargitsa min lissafi.

Kafin mu taho hutu, Malam Reuben, wanda ke kula da asibitin dabbobi na makarantarmu, ya tsaya a gaban aji ya ce duk wanda bai yi allurar riga-kafin haukan kare ba, ƙafarsa ba za ta taka asibitin nan ba in an dawo. Wanda bai shiga asibiti ba kuwa ba shi da aikin gwaji, wanda ba shi da aikin gwaji sai maimaita shekara.

Ni kuma kun san ni da tambaya, Umma ma 'yar jarida take ce min. Na ɗaga hannu na ce, "Malam, ni shanu da awaki na zo koyo, ina ruwana da kare?"

Ya yi dariya ya ce, "Za a kawo miki saniya tana dalalar da yawu, mai ita ya rantse miki wani abu ne ya maƙale mata a wuya. Ke kuma ki naɗe hannun riga ki zura hannu har gwiwa a bakinta kina lalube. Ashe kare ne ya cije ta a daji tuntuni. In akwai ɗan yanka a yatsanki, shi kenan. Ciwon nan kuma in ya riga ya tashi a jikin mutum, babu asibitin da ke da maganinsa."

Ya ce allura biyu ce a damtse, mako guda tsakani, kowa ya yi a garinsu ya zo da kati.

Muka tafi tare da Angela, ƙawata kuma 'yar ajinmu, wadda iyayenta suka zo Gumel aiki tun ba a haife ta ba. Angela mutuniyar kirki ce, amma Allah ya yi mata murya, in ta yi raɗa ana ji a bayan katanga. Muna shiga, benci cike da mata, ita kuwa ta leƙa taga ta ce, "Sista, ina kwana? Mu ne masu allurar haukan kare!"

Wallahi sai da wata mata ta janye ɗanta daga kusa da mu.

Sista Jane ta shigar da mu bayan labule ta yi mana, ko zafin kirki babu. Ina fitowa ina gyara hijabi, idona ya sauka a kan Gwaggo Larai, ƙanwar baban Yazid da ke aure a nan Gumel, tana layin masu hawan jini. Na durƙusa har ƙasa na gaishe ta. Ta amsa, amma ba fuskata take kallo ba, ƙafafuna take bi da ido tun daga idon sawu.

"Lafiya dai, Sharifa?"

"Lafiya lau Gwaggo, allurar makaranta ce."

"Uhm. Makaranta. To Allah ya sawwaƙe."

Na ce amin da zuciya ɗaya. Oh ni Sharifa, da na san abin da na ce wa amin!

Washegari da safe ina shara a tsakar gida wayata ta yi ƙara. Yazid ne. Shi kullum saƙonsa na safe ɗaya ne, "Gimbiya an tashi lafiya? Me aka karya da shi?" Ranar kuwa ga abin da na gani:

"Barka da safiya. Ya jikinki?"

Na rubuta, "Wane jiki kuma? Lafiyata ƙalau."

"Alhamdulillah. Kin sha ruwa yau?"

Na tsaya da tsintsiya a hannu ina kallon wayar. Ruwa? Na ce ko wani sabon salon soyayya ne ya gano a wurin samarin kara. Na tura masa hoton dariya na ce na sha kunu. Ya ce, "A'a, ruwa dai. Zallansa." Na ci gaba da sharata ina ta juya maganar.

Da hantsi ƙanwar Umma ta zo ta zana min lalle a ƙafa da hannu, don a lissafinmu Juma'ar nan baƙi za su zo. Ina zaune a gindin maina, ƙafa a miƙe a kan leda, ina sanye da atamfata ruwan ganye mai zanen fitila, sai ga sallamar Gwaggo Larai. Matar da tun da aka fara maganar aure ba ta taɓa tako gidanmu ba. Wai wucewa take ta ce bari ta leƙo.

Umma ta shimfiɗa mata sabuwar tabarma, ta ɗebo ruwan randa a moɗa ta haɗo da kofin silba, tunda ni ba halin tashi. Na ja mayafi na rufe kai na gaishe ta daga inda nake. Gwaggo ta ɗaga moɗar sama, ta riƙa tsiyaya ruwan a kofi daga nesa kamar mai shayin bakin tasha, shuuu, tana yi tana kallona ta wutsiyar ido. Ta cika kofi, ba ta kai baki ba, sai ta miƙo min.

"Ungo 'yata, sha."

Jama'a, ku da kuka tashi a gida irin namu kun san wannan. Tun ina ƙarama Umma ke ja min kunne: 'ya mace ba ta ci ba ta sha a gaban dangin miji, ko da maƙogwaronta zai tsage. Na sunkuyar da kai na ce, "Alhamdulillah Gwaggo, na ƙoshi."

"Ana ƙoshi da ruwa ne a wannan zafin? Kurɓi ko kaɗan."

Na ƙara cusa kai cikin mayafi, har da kawar da fuska gefe don ta ga tarbiyya. Umma tana gefe tana murmushin jin daɗi, 'yarta ta fita kunya. Sai kawai Gwaggo ta karkata kofin, ruwan ya zubo ƙasa ya nufo ƙafata. Lallen da na yi zaman awa da awanni a kansa! Ban san lokacin da na yi ƙara na janye ƙafafu na ja da baya da mazaunai ba.

Gwaggo ta dafe ƙirji ta ce, "La'ilaha illallahu." Ta miƙe ta laluba takalmanta. Umma tana "Tun yanzu? Ga abinci ya kusa," ita kuwa har ta kai zaure.

Muka kalli juna ni da Umma. Umma ta ce, "Wannan baiwar Allah lafiya kuwa?" Na ce wataƙila jinin ne ya hau.

Kwana ɗaya tsakani Yazid ya kira. Muryarsa a ƙasa, kamar wanda aka sa dole. Wai Hajiyarsa ta ce a ɗan dakata da zuwan Juma'a. Na ce saboda me? Ya ce zai zo da la'asar mu yi magana.

Na yi wanka na sa leshina mai ruwan hoda da farin mayafi, na fesa turare. Na same shi a zaure a kan benci, da shaddarsa ruwan toka da hula zanna, ya yi kyau abinsa, abin haushi. Yazid bai taɓa zuwa hannu rabbana ba, in ba kilishi ba to dabino ko cukwi daga Maigatari. Ranar kuwa ledar da ya turo gabana, ina buɗewa, ruwan leda ne masu sanyi.

Na ce, "Yazid, randar gidanmu ce ta fashe ban sani ba?"

Ya sosa ƙeya.

"Ka ga, tun shekaranjiya kowa ruwa yake bina da shi. Kai ruwa, Gwaggo ruwa. In wani abu aka ce na yi, ka faɗa min in sani. Ba na son ɓoye-ɓoye."

Ya daɗe yana murza makullin babur kafin ya ce, "Gwaggo ce ta je har gida. Ta ce ta gan ki a asibiti ana miki allurar cizon mahaukacin kare. Wai a makarantarku ya cije ki, kuna ɓoyewa don kada a fasa. Ta ce ta zo ta gwada ki da ruwa kin ƙi sha, kin kawar da kai, da ya taɓo ki kuma kin yi ihu."

Na buɗe baki na kasa rufewa. Wato kunyar da na yi don in burge su, ita ce ta zama shaidar hauka. Dariya ta taso min, kuka ya biyo bayanta, na rasa wanda zan fara. Na fizgi ruwan leda ɗaya na huda da haƙori na shanye a gabansa, na ɗauki na biyu shi ma na shanye, har yana zubo min a leshi.

"Ka gani? Ko in yi haushi ma ka ji ko ya yi kama?"

"Haba Sharifa, wallahi ni ban yarda ba tun farko."

"Ba ka yarda ba ka sayo ruwa?"

Na zauna na yi masa bayanin Malam Reuben tun daga kan saniya mai yawu. Ya ce shi ya gane, ai ko a kara sun sha ganin irin wannan saniyar. Matsalar Hajiya ce.

"Na yi mata bayani iya yina. Ta ce ita ta san allurar nan, duk wanda aka kai ga yi masa ita an riga an gama da shi. Sharifa, tun ranar ba ta cin abincin kirki. Hajiya ba mai ɗaukar gulma ba ce, Gwaggo ta sha kawo surutu tana korar ta. Wannan karon ban san me ya same ta ba."

Wannan maganar ce ta tsaya min a rai bayan ya tafi. Hajiya Kyauta da kowa ke yabon hankalinta, me ta sani game da allurar nan da har zai hana ta cin abinci?

Da na gaya wa Umma, salati ta yi ta saki ludayi a tukunya. Da ta dawo hayyacinta kuwa, kaina ta juyo.

"To kin ji. Allura ta biyun nan ba za ki je ba."

"Umma, in ban je ba ta farkon ba ta cika ba, kuma ba za a bar ni in shiga asibitin makaranta ba. Shekara guda fa zan maimaita."

"Ki maimaita goma! A sake ganin ki a wannan layin, garin nan gaba ɗaya ya ce ciwon ne ya ci ƙarfinki? Tun farko sai da na ce ki yi koyarwa kamar 'ya'yan mutane, kika ce ke sai dabbobi. Yau ga shi karatun kare zai raba ki da miji."

Abba da ya dawo aka kai masa ƙara. Ya saurare mu duka, ya ce a bi a hankali, ya ɗauki butarsa ya fita masallaci. Abba kenan.

Na kira Angela. Ta yi dariya har tana tari, sannan ta dawo tana ba ni haƙuri, wai bakinta ne ya jawo. Ta ce mu sulale mu je wani gari a yi mana ba wanda ya sani. Na ce ina? Maigatari kowa ya san Yazid, Gagarawa dangin Umma ne ko'ina. Kuma ni sata na yi da zan riƙa ɓuya? Na kashe waya na kwanta ina kallon silin. Ina son Yazid, wannan ba abin ɓoyewa ba ne, ina son shi sosai. Karatun nan kuma ni na zaɓe shi da kaina, ba wanda ya tura ni.

Ana jibi ranar allura, da azahar, muka ji sallama a hankali. Umma ta leƙa, sai na ji muryarta ta canza. Hajiya Kyauta ce da kanta, ita kaɗai, tun daga Sule Tankarkar a motar haya. Ban taɓa ganin ta kusa ba sai ranar. 'Yar siririya ce, doguwar fuska irin ta Yazid, da shuɗin hijabi wanda ya sha wanki, carbi naɗe a hannu.

Umma ta shigar da ita ɗaki, ta kunna fanka, aka gaisa aka sake gaisawa. Sannan Hajiya ta ce, "Ina 'yar tawa? A kira min ita."

Na sa dogon hijabi na ɗauko ruwa a jug da kofin gilashi a kan faranti, na durƙusa na ajiye, na gaishe ta kaina a ƙasa. Ta zuba ruwan da kanta. Ta riƙo kofin da hannu biyu ta miƙo min.

"Na san ba a yi. Ni ma ban taɓa sha a gaban uwar mijina ba har ta bar duniya. Amma don Allah, don Annabi, ki sha in gani."

Ba irin muryar Gwaggo ba ce. Roƙo ne. Na saci kallon Umma, matar da ta shekara ashirin tana koya min kada in yi, sai ga ta tana min alama da ido tana cewa a hankali, "Sha mana, me kike jira?"

Na karɓa na ɗaga hijabi na kafa kai. Ɗakin shiru, ba abin da ake ji sai fanka da ƙarar maƙogwarona, ƙwat, ƙwat, kunya kamar in nutse. Hajiya ba fuskata take kallo ba, wuyana take kallo. Da na sauke kofin babu ko ɗigo, sai ta rufe fuska da hijabi ta fashe da kuka.

Umma ta rikice tana "Subhanallahi, Hajiya, lafiya?" Ni kuwa ina durƙushe da kofi a hannu. Sai da ta yi mai isarta ta share ido ta fara magana, tana kallon tabarma.

"Ina da ɗa kafin Yazid. Aminullahi. Lokacin muna Ɗanzomo, Yazid yana goye. Ɗan kwikwiyon maƙwabta ne ya kama shi a hannu suna wasa, ɗan ciwo kamar ƙaya ta karce shi. Muka shafa magani, aka karɓo masa rubutu, wurin ya warke, muka manta. Sai bayan an yi girbi zazzaɓi ya kama shi. Daga nan sai ruwa." "Yana kuka yana cewa Inna ƙishirwa. In na kawo moɗa, yana ganin ruwan sai wuyansa ya shaƙe, ya ture ni ya yi bango. In na ɗauke ya ce Inna ƙishirwa. Aka sa shi a amalanke aka kai shi asibiti, suka yi masa allura, bai ƙara kwana biyu ba."

Umma tana ta hawaye. Ni ma ban san nawa sun zubo ba.

"Muka ce wa mutane zazzaɓi ne, don kada a ce akwai hauka a gidan. Yazid ma abin da ya sani kenan. Da Larai ta zo ta ce an yi miki allurar, kuma kin ƙi ruwa, na ce shi kenan, zan sake gani. Ɗana zai ɗauko mata ya zo ya kalli abin da na kalla." Ta ɗago ta dube ni. "To ke da kare bai cije ki ba, me ya kai ki ga allurar da ake yi wa wanda ya gama?"

A nan na gane inda aka samu saɓani. Allurar da aka yi wa Aminullahi ba ta riga-kafi ba ce, a wannan matakin sai dai abin da zai kwantar da shi. Ita kuwa shekara da shekaru tana ɗauke da cewa allurar kare ita ce sallama.

Na gyara durƙuso na yi mata bayani a hankali. Na ce tawa tun kafin cizo ake yi, saboda aikinmu na taɓa bakin dabbobi ne. Na ce akwai kuma wadda ake yi bayan cizo, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai yawa, a garzaya asibiti a ranar, tun ciwon bai tashi ba.

Ta ci gaba da jan carbi. Can ta ce, "Tun bai tashi ba."

"Eh, Hajiya."

"To gaya min gaskiya, 'yata, ke da kike karatun abin. Da a ranar da ya kama shi muka kai shi, da ya tashi?"

Umma ta miƙo ƙafa ta taka min yatsa. Na san me take nufi: ki ce kwana ne ya ƙare, ki yi shiru. Ni ma abin da bakina ke so ya faɗa kenan. Amma in na ce allurar ba ta da amfani, to na tabbatar mata da abin da take tsoro, kuma gobe wani yaro a gidansu kare ya kama shi, magani za a shafa. In kuma na faɗi gaskiya, na soka wa uwar mijina wuƙa a inda bai warke ba. Na ji tsoro ƙwarai.

Na ce, "Hajiya, rai a hannun Allah yake, kuma ba ku sani ba, ba wanda ya gaya muku. Amma eh. Waɗanda aka kai da wuri, kusan dukansu suna tsira."

Ta naɗe carbinta, ta miƙe, ta yi wa Umma sallama. Umma ta bi ta da turare da sabulu a leda, ta ce a bar shi. Maganar sa rana ko da wasa ba ta taso ba.

Umma tana dawowa daga rakiya ta rufe ni da faɗa. "Kin kashe aurenki da bakinki, 'yar jarida! Wa ya tambaye ki wa'azi? Mace ta zo da ciwon shekara talatin, ki ce mata da ta yi kaza da ɗanta na raye?" Ni ma ban tabbata na yi daidai ba. Na shiga ɗaki na yi kuka har na gode Allah.

Ranar Yazid bai kira ba. Washegari ma shiru har bayan la'asar, sannan saƙo ya shigo:

"Hajiya ta kira ni ɗaki ta ba ni labarin yayana. Ban taɓa sani ba."

Na rubuta, "Allah ya jiƙansa. Ya take?"

"Tana ɗaki. Ba ta ce komai a kan maganarmu ba, ni ma na kasa tambaya."

Na daɗe ina kallon saƙon. Sannan na rubuta masa, "Gobe zan je allura ta biyu." Ya karanta, alamar ta nuna, bai amsa ba.

Da safe na shirya. Doguwar riga baƙa mai faɗin hannu don sauƙin naɗewa, hijabi ruwan ƙasa, katina a jaka. Umma tana wanke-wanke ta juya min baya, na ce na tafi, ta ce, "Uhm." Ina sa ƙafa a zaure na ji hon ɗin adaidaita sahu a ƙofar gida. Na ɗauka Angela ce. Ina leƙawa na ga shuɗin hijabi.

"Shigo mu je," in ji Hajiya Kyauta. "Ni zan raka ki."

Na shiga, muka kama hanya. Angela tana bakin ƙofar asibiti tana jirana, tana ganin wadda na zo da ita ta kama bakinta da hannu, karo na farko a tarihi. Benci cike da mata kamar wancan karon, kuma na ga wasu suna zunɗe na. Wata dattijuwa da ta san Hajiya ta ce, "A'a, Hajiya Kyauta, yau a garinmu? Jiki ne?"

Hajiya ta zauna a tsakiyarsu ta gyara hijabi, ta ɗaga murya yadda na bayan layi zai ji. "Lafiyata lau. Surukata na rako allurar karatunta, likitar dabbobi za ta zama. Juma'a mai zuwa za a sa musu rana."

Angela ta damƙe hannuna, ni kuwa na cusa kai cikin hijabi.

Da aka kira mu, Hajiya ta ce ita ma za ta shiga. Sista Jane ta dube ta, ta dube ni, ta ɗaga mata labule. Na naɗe hannun riga. Hajiya ta tsaya a kaina tana bin komai da ido, yadda aka zuƙo maganin, yadda aka goge damtsen, yadda allurar ta shiga ta fita. Kafin in ce wash an gama.

"Shi kenan?" in ji Hajiya.

"Shi kenan, Mama," in ji Sista.

"Wanda kare ya ciza ma irin wannan ce?"

"Irinta ce, sai dai shi zai fi zuwa sau da yawa, wani lokaci a haɗa masa da wata a bakin ciwon."

Hajiya ta miƙa hannu. "Ba ni kwalbar in gani."

Sista ta ɗan yi jim, sannan ta ɗauko kwalbar da ta zuƙe ta ɗora mata a tafin hannu. 'Yar mitsitsiya ce, ba ta kai babban yatsana ba. Hajiya ta juya ta, ta ɗaga ta wajen hasken taga, ta sake juya ta.

"Ɗan wannan ne?" ta ce. "Ɗan wannan ne kawai?"

Ta ɗaga hijabi, ta jawo bakin zanenta, ta ƙulle kwalbar a ciki tam, ta soke a ƙugu. Sannan ta sauke min hannun rigata da kanta ta ce, "Tashi mu je, 'yata."